Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministocin Lafiya Kan Jariran Da Ake Haifa Da Tsagewar Ƙashin Baya

Masu girma ministocin lafiya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranku ya daɗe. Ni ma'aikaciyar jinya ce, mafi yawan aikina tsakanin ɗakin haihuwa da ɗakin jarirai na yi shi, kuma na ɗauki alƙalami ne domin in tuna muku da alkawarin da kuka ɗauka da bakinku. A watan Mayun 2023, a Babban Taron Lafiya na Duniya karo na 76 a birnin Janiba, ƙasashenku suka amince da ƙuduri mai lamba WHA76.19. Ƙudurin ya nemi a gaggauta ƙara sinadarai masu amfani a cikin abincin da jama'a ke ci yau da gobe, domin kare jarirai daga tsagewar ƙashin baya, larurar da likitoci ke kira sifaina bifida, da sauran danginta. Na yi murna ƙwarai da jin wannan labari. Amma har gobe ana miƙo mana jarirai da baya a buɗe, kuma har gobe iyayensu na tambayarmu abin da ba mu ne muke da amsarsa ba, ku ne.

Damuwata ɗaya ce. Wannan larura ta lokaci ce, mu kuwa a makare muke iso mata, tun daga rigakafi har zuwa jinya. Ku yi haƙuri in bayyana yadda take samuwa, domin duk hujjata a kan haka ta rataya. A mako na uku bayan shigar ciki, ɗan tayi bai wuce 'yan milimitoci ba. A bayansa akwai wata shimfiɗa ta ƙwayoyin halitta, gefunanta biyu sukan ɗago su haɗu su zama bututu, kamar ɗinkin da aka faro daga tsakiya ana binsa sama da ƙasa. Saman bututun shi ke zama ƙwaƙwalwa, ƙasansa ya zama laka. Wajen kwana 28 da shigar ciki aikin ya ƙare. Idan saman ne bai rufe ba, jariri zai zo babu yawancin ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai, kuma ba ya rayuwa. Idan ƙasan ne, ƙasusuwan gadon baya ba za su haɗe a kan lakar ba. A ranar da wannan ke faruwa, mace ba ta fi mako biyu da ɓatan wata ba. Da yawa ko zargin suna da ciki ba su fara yi ba.

Larurar hawa-hawa ce. Akwai ɓoyayyiya, wadda mutum kan rayu da ita har ya tsufa bai sani ba, sai in an ɗauki hoton bayansa saboda wani dalili daban. Akwai wadda jakar ruwa ce kawai ke ɓullowa, lakar na nan a wurinta. Sai mai tsananin, wadda ita ce ta sa na rubuto: lakar da jijiyoyinta suna cikin jakar, ko ma suna fili babu fata a kansu. Gwargwadon hawan tsagar zuwa sama, gwargwadon abin da yaro zai rasa na ƙarfin ƙafa, da jin taɓi, da ikon riƙe fitsari da bayan gida. Kusan 8 cikin 10 na masu irin wannan ruwa kan taru a kansu, saboda gindin ƙwaƙwalwa ya sauko ya matse hanyar da ruwan ke bi. Wani ƙiyasi da masana suka yi na shekarar 2015 ya nuna cewa ciki kusan 260,000 ne a duniya larurorin wannan bututu suka shafa a shekarar kaɗai. Kusan rabi ba su zo da rai ba, kuma cikin waɗanda suka zo da rai, kusan uku cikin huɗu ba su kai shekara 5 ba. Yawancin wannan asara a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi take.

Abin da ke ci mini rai shi ne an daɗe da sanin maganin mafi yawan wannan. Tun 1965 wasu likitoci biyu a Ingila, Elizabeth Hibbard da Richard Smithells, suka nuna alamar cewa ƙarancin folet, wani nau'in bitamin, a jikin uwa yana da hannu a ciki. Aka yi ta gardama har 1991, lokacin da Hukumar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta fitar da sakamakon gwajin da Nicholas Wald ya jagoranta a kan mata 1,817 a ƙasashe 7, dukansu sun taɓa samun cikin da larurar ta shafa. Waɗanda aka ba miligiram 4 na folik asid, wato folet ɗin da ake haɗawa a matsayin magani, kullum, maimaituwar larurar ta ragu da kashi 72 cikin 100 a cikinsu. Sakamakon ya fito fili har sai da aka dakatar da gwajin kafin lokacinsa, domin ba daidai ba ne a ci gaba da hana sauran matan. Shekara ɗaya bayan haka, binciken Andrew Czeizel a Hangare ya nuna kariyar tana aiki har ga matan da ba su taɓa haifar irin wannan jariri ba. A 1999 aka buga sakamakon wani gagarumin aiki a ƙasar Sin da ya shafi mata kusan 250,000, inda maikurogiram 400 kacal a rana ya rage larurar da kusan kashi 80 a arewacin ƙasar inda ta fi yawa, da kusan kashi 40 a kudu. Yaran da aka haifa a shekarar da aka gano wannan gaskiya yanzu su ma iyaye ne.

To me muka yi da wannan sani? A mafi yawan ƙasashenku, wurin da mace ke fara ganin ƙwayar folik asid shi ne wurin awon ciki. Tana zuwa awon farko cikinta na da wata uku, ko huɗu, wata ma sai ya kai biyar. Mukan ƙirga mata ƙwayoyi mu rubuta a kati, a ƙarshen shekara kuma ma'aikatunku su ba da rahoton cewa kashi kaza na masu juna biyu sun samu. Ƙwayar tana da amfaninta wajen ƙarancin jini, ban ce a daina ba da ita ba. Amma ga bayan jariri, ihu ne bayan hari, domin bututun ya riga ya rufe ko ya ƙi rufewa tun makonni da suka wuce. Jini ma ba a rana ɗaya yake cika da folet ba, sai an yi makonni ana sha, shi ya sa shawarar likitoci ita ce a fara aƙalla wata ɗaya kafin ciki ya shiga, a ci gaba har ƙarshen mako na 12. Tun ran gini tun ran zane.

Za ku ce ai sai a wayar wa mata kai su fara sha da wuri. An gwada, kuma a wuraren da suka fi kowa kuɗi da yawan masu karatu. Ƙasashen Turai sun shafe shekaru suna faɗakarwa ba tare da sun tilasta ƙara sinadarin a abinci ba, kuma binciken da ya bi rajistocinsu daga 1991 zuwa 2011 ya tarar da yawan larurar bai ragu ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce kusan rabin cikin da ake samu a duniya ba shiri aka yi masa ba. Matar da ba ta shirya ɗaukar ciki ba, ba za ta sha maganin shirin ciki ba. Wadda faɗakarwa ke isa gare ta kuwa yawanci ita ce mai ilimi da hali, wadda dama abincinta ya fi inganci. Matalauciya da yarinyar da ta yi ciki da ƙuruciya su ake bari a baya, kuma su ne suka fi buƙata.

Hanyar da ta yi aiki ita ce a zuba sinadarin a cikin garin alkama ko na masara ko shinkafa tun daga kamfanin niƙa, yadda kowace mace za ta same shi ba tare da ta san tana shan magani ba. Amurka ta wajabta haka daga Janairun 1998, maikurogiram 140 a kowane giram 100 na gari, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙiyasta cewa jarirai kusan 1,300 ne ke tsira daga larurar duk shekara. Kanada ta bi sahu a ƙarshen shekarar, ta ga raguwar kashi 46 cikin 100, kuma lardunan gabas da suka fi fama su suka fi cin moriya. Cile ta fara a 2000, raguwarta ta haura kashi 40. Afirka ta Kudu ta fara a 2003 da garin masara da na alkama, ta ga raguwar kusan kashi 30. Ostareliya ta shigo a 2009. Birtaniya, wadda da kuɗinta aka yi gwajin 1991, sai a 2021 ta yanke shawarar wajabtawa, shekara 30 cif bayan ta sani, kuma masananta sun lissafa cewa jinkirin ya jawo larurar a ciki kusan 2,000 tsakanin 1998 da 2012 kawai. Ina kawo wannan ne domin ku ga cewa jinkirin gwamnati yana da adadi, kuma adadin yara ne. A duniya baki ɗaya, ƙiyasin masu bin diddigin lamarin shi ne kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai muke karewa daga abin da folik asid zai iya karewa.

Na san ƙorafin da ake kawo muku. Ana cewa folik asid mai yawa zai iya ɓoye alamar ƙarancin bitamin B12 a jinin tsofaffi. Damuwa ce ta gaskiya kuma ta cancanci sa ido, amma ƙasashen da suka haura shekara 25 suna wannan aiki da ɗan ƙaramin ma'aunin da ake sawa a gari ba su ga annobar da aka ji tsoro ba, kuma ana iya haɗa B12 ɗin a cikin garin inda ƙarancinsa ya yi yawa. Ana kuma cewa tilasta wa jama'a ne. Ai kun riga kun amince da aidin a gishiri shekaru da dama, kuma maƙoƙo ya ragu a idon kowa.

Ga waɗanda a cikinku suka riga suka kafa doka, ina roƙonku kada ku ɗauka aiki ya ƙare. Doka ba ta zuba komai a buhu. Sai kamfani ya sayi garin sinadaran mai kyau, ya ajiye shi inda zafi da laima ba za su lalata shi ba, na'urar zubawa ta yi aiki a kan ma'auni, sannan a samu mai dubawa da ke ɗibar samfur daga kamfani da tashar jiragen ruwa da kasuwa ya kai ɗakin gwaji da ke da kayan aiki. Inda aka rasa ɗaya daga cikin waɗannan, tambarin da ke jikin buhu yaudara ne ga uwar da ta yarda da shi. Kuma ma'aunin nasara na gaskiya yana cikin jinin mata ne. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakin folet da ya kamata a samu a jajayen ƙwayoyin jinin mata masu shekarun haihuwa, wato sama da nanomol 906 a lita. Ƙasa nawa ce a cikinku ta auna ta gani?

Akwai kuma miliyoyin iyalai da garin kamfani ba ya shiga gidansu, abin da suka noma shi suke kai wa ƙaramin injin niƙa. Su dokar gari ba za ta taɓa riskarsu ba. Gare su sai an bi wasu ƙofofin: ƙwayar mako-mako ta sinadarin ƙarfe da folik asid wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba 'yan mata da matan da ke jinin al'ada inda ƙarancin jini ya yi yawa, da asibitin tazarar haihuwa a ranar da mace ta zo cire abin da aka sa mata domin tana son ciki, da ranar da uwa ta kawo jaririnta rigakafi. A duk waɗannan wurare mace tana gabanmu kafin ciki na gaba, kuma muna barinta ta tafi ba mu ce mata komai ba.

Wasu matan kuma haɗarinsu ya fi na saura, ma'aunin kowa da kowa ba ya isarsu. Wadda ta taɓa haifar jariri mai larurar, haɗarin maimaituwa gare ta ya kai wajen 3 zuwa 4 cikin 100, kuma miligiram 4 zuwa 5 take buƙata kullum kafin ciki na gaba. Sau da yawa ana sallamarta daga asibiti da baƙin cikinta ba wanda ya gaya mata wannan, sai ta dawo mana bayan shekara biyu da irin abin da ya faru. Wannan yana daga cikin abubuwan da suka fi yi mini ciwo a aikina, domin jumla ɗaya ce da ta isa. Haka mai ciwon suga da ba a daidaita shi ba kafin ciki, da mai ƙiba sosai, da wadda zazzaɓi mai zafi ya kama a makonnin farko. Haka mai farfaɗiya da ke shan maganin balfuroyet, wanda ke kai haɗarin zuwa 1 ko 2 cikin 100. Ita wannan ba a ce ta jefar da maganinta ba, domin faɗuwa da ciki haɗari ne babba ga ita da ɗan. Abin da take buƙata likita ne da zai zauna da ita kafin ciki ya duba ko akwai maganin da ya fi dacewa, kuma maganin ya kasance akwai shi a kantin asibiti.

Dole in tsaya a nan in faɗi wata magana, domin iyaye mata za su karanta wannan wasiƙa. Folik asid ba ya kare kowane ciki. Ko a ƙasashen da suka fi kowa ƙoƙari, ana samun 5 zuwa 6 a cikin haihuwa 10,000, saboda gado da wasu dalilan suna da nasu rabon. Akwai uwar da ta sha ƙwayarta a kan ƙa'ida kuma ta haifi ɗa mai larurar. Wadda ba ta sha ba kuma, ba wanda ya gaya mata, ba wanda ya sa mata a abinci. Tambayar farko da uwa ke yi mana cikin kuka ita ce, "Me na yi?" Ina so kowane ma'aikacin da ke ƙarƙashinku ya iya amsa mata da cewa ba ta yi komai ba, ba laifinta ba ne, ba baki ba ne, ba alhakin wani ne ya kama ta ba. Na ga auren da ya mutu saboda ba a samu wanda zai faɗi wannan a gaban miji da danginsa ba. Kuma idan muna maganar rigakafi, mu yi ta yadda wanda ke zaune a kan kekensa yana saurare ba zai ji ana cewa zuwansa duniya kuskure ne ba.

Yanzu ga wanda aka riga aka haifa, wanda ƙudurinku na 2023 bai yi dogon bayani a kansa ba. Agogonsa ya fara bugawa tun daga fitowarsa. Laka a fili ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta zuwa ƙwaƙwalwa, kuma sanƙarau shi ke kashe da yawa a makonnin farko. Abin da ungozoma za ta yi ba mai wuya ba ne: ta rufe wurin da tsaftataccen abu mai laima wanda ba ya mannewa, ta kwantar da jariri rubda ciki ko a gefe, ta kiyaye shi daga sanyi da ƙazantar bayan gida, uwa ta ba shi nono, a tura shi nan take. Ana so a rufe bayan da tiyata cikin awa 48, kada ya wuce 72. Amma ungozomar da ba a koya mata ba, ba ta san inda za ta tura ba, kuma sau da yawa kalmar da iyaye ke ji ita ce, "Ku koma gida, wannan ba mai rayuwa ba ne." Wannan magana tana da tarihi. A 1971 wani likitan yara a Shafil ta Ingila, John Lorber, ya fitar da sharuɗɗan zaɓen jariran da za a yi wa aiki da waɗanda za a bari, aka yi shekaru ana bi, jarirai da yawa suka mutu a kan hasashen cewa rayuwarsu ba za ta yi daɗi ba. Daga baya aka yi watsi da tsarin a inda aka ƙirƙiro shi, amma ruhinsa na nan a bakin ma'aikata da yawa. Ku cire shi daga manhajar horarwa da kuma zukata.

Ruwan kai ma yana da magani. A tsakiyar shekarun 1950 wani makanike a Filadalfiya, John Holter, wanda aka haifa masa ɗa da wannan larura, ya ƙera bawul ɗin da ya sa bututun janye ruwa daga kai ya zama abin dogaro. Matsalar bututun ita ce yana toshewa, yana kamuwa da cuta, kuma yaron da ke nesa da likitan ƙwaƙwalwa toshewa ɗaya na iya zama ajalinsa. Wannan ne ya sa Benjamin Warf, yana aiki a asibitin yara na CURE da ke Mbale a Yuganda, ya inganta wata hanya ta huda wa ruwan sabuwar mafita da na'urar leƙe tare da rage inda ake samar da shi, yadda yara da yawa ba sa buƙatar bututu kwata-kwata. Likitoci daga ƙasashe da dama sun koya a can. Ku tura naku. Kuma ku tabbata duk uwar da aka sa wa ɗanta bututu ta haddace alamun toshewa: amai, barcin da ya wuce kima, ciwon kai, kumburin maɗiga, idanu su riƙa kallon ƙasa. Game da tiyatar da ake yi wa jariri tun yana ciki, gwajin Amurka na 2011 ya nuna ta rage buƙatar bututu daga kashi 82 zuwa 40, tare da haɗarin haihuwar bakwaini ga ɗa da raunin mahaifa ga uwa. Ci gaba ne na gaske, amma ba ita ce buƙatar yawancin ƙasashenku a yau ba.

Buƙatar da ta fi kowace girma, kuma wadda aka fi mantawa da ita, ita ce mafitsara. Ina roƙon ku karanta wannan sashe da natsuwa. Yawancin waɗannan jarirai da lafiyayyar ƙoda ake haifarsu. Amma jijiyoyin da ke sarrafa mafitsara sun lalace, sai ta riƙa matsewa alhali ƙofarta na rufe, ko ta ƙi zubar da fitsari duka. Matsin ya mayar da fitsari sama zuwa ƙoda, cuta ta samu wurin zama, ƙodar ta riƙa lalacewa a hankali ba ciwo ba ƙara. An yi nasarar rufe baya, an yi nasarar janye ruwan kai, kowa ya yi murna, sai yaro ya rasu yana ɗan shekara goma sha saboda ƙoda. A 1972 Jack Lapides na Jami'ar Mishigan ya nuna cewa ba sai a asibiti ba, mutum na iya sa siririyar robar fitsari mai tsafta da kansa, ya zubar ya cire, duk bayan awa 3 zuwa 4. Idan aka haɗa da maganin sassauta mafitsara irin su oksibutinin, aka riƙa duba ƙoda da hoto lokaci-lokaci, ana ceton ƙodar yawancinsu. Uwa tana koya cikin 'yan kwanaki ko da ba ta yi boko ba, yaro kuma ya karɓi aikin da kansa yana wajen shekarun shiga makaranta. Abin da ke hana wannan shi ne babu ƙananan robobin a asibitocin gwamnati, babu maganin a jerin da ake saye, babu ma'aikaciyar da aka ware ta koyar. Abu ne da sa hannu ɗaya na minista zai iya gyarawa.

Kuma ba ƙoda kaɗai wannan ke ceta ba. Ku tambayi duk wanda ya girma da larurar me ya fi ƙona masa rai, da wuya ya ce rashin tafiya. Zai ce jiƙewa da wari. Yaron da fitsari da bayan gida ke zubo masa ba ya iya zama a aji, 'yan uwansa yara su guje shi, malami ya ce a zauna da shi a gida, alhali yawancinsu kaifin basirarsu daidai yake da na kowa, ko da wasu na buƙatar taimako a lissafi da tsara aiki. Da robar fitsari da tsarin wanke hanji a kan lokaci, yaron nan zai wuni a bushe. Daga nan abin da ya rage makewayi ne mai ƙofar da keke zai shiga, da ruwa, da sirri. Wannan sai kun zauna da takwarorinku na ilimi, kuma Yarjejeniyar Haƙƙin Masu Nakasa ta 2006, wadda kusan dukanku kuka sa wa hannu, ta riga ta ɗora muku shi a sashe na 24 da na 25.

Sauran buƙatun a taƙaice: fatar da ba ta jin zafi tana ƙonewa ko ta yi gyambo ba a sani ba, don haka a riƙa duba ta kullum, a samar da keke daidai jiki mai matashi na ƙwarai. Karkatacciyar ƙafa ana gyara ta da filasta tun da jarirantaka. Da yawansu jikinsu ba ya jituwa da safar hannu ta robar lateks. Idan yaro yana girma sai tafiyarsa ko riƙon fitsarinsa ya canja, a binciki ko lakar ce ta maƙale a tabon aiki. Duk waɗannan likitoci daban-daban ne, kuma bai kamata uwa ta riƙa saɓa ƙaton yaro tana zagaya su a ranaku daban-daban ba. Ku haɗa su a ɗaki ɗaya a rana ɗaya, da ma'aikaciyar jinya guda da iyali za su sani da suna.

Kada kuma kulawar ta yanke ranar da yaro ya wuce shekarun asibitin yara, domin inda ake kula da su yawancinsu suna girma su zama manya, su yi aiki, su yi aure, matan su haihu, kuma su ma suna cikin masu buƙatar babban ma'aunin folik asid kafin ciki. Tanni Grey-Thompson da wannan larura aka haife ta, ta ci zinare 11 a gasar Olamfik ta nakasassu, kuma tun 2010 take zaune a Majalisar Dattawan Birtaniya. Ba na kawo ta don in ce sai yaro ya zama gwarzo ya cancanci magani ba. Wanda zai zama tela ko malami ko ya zauna cikin iyalinsa kawai, haƙƙinsa ɗaya da nata.

Roƙona na ƙarshe shi ne ku ƙirga su. A ƙasashe da yawa jaririn da ya zo babu rai ko ya rasu a gida ba ya shiga kowane littafi, sai larurar ta zama kamar ba ta da yawa. Da aka ƙirga da kyau a wasu asibitocin arewacin Habasha, an samu sama da 100 a cikin haihuwa 10,000, ninki kusan 20 na abin da ake gani inda ake ƙara sinadarin a abinci. Ranar 25 ga Oktoba ita ce ranar wannan larura da ta ruwan kai a duniya. Ina roƙon kowannenku a ranar ya fito ya gaya wa jama'arsa jarirai nawa aka haifa da ita a shekarar, nawa aka yi wa tiyata cikin kwana uku, yara nawa ke samun robar fitsari kyauta, da samfurin gari nawa aka gwada kuma nawa suka cika ma'auni. A kwamitin da zai tattara waɗannan alƙaluma, ku ba manya masu larurar da iyayen yara kujeru da ƙuri'a.

Taku cikin girmamawa,
Wata ma'aikaciyar jinya a ɗakin jarirai